Ɓera ya gutsure wayar fitila a cikin silin: a naɗe da tef ko a zare ta?

Wani matashi da ke haya a gida mai ɗakuna da yawa a Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ruwan watan Yuni ya kankama fitilar falonsa take ɗaukewa tana dawowa da kanta, da daddare kuma yakan ji ƙauri kamar ana ƙona roba. Ya ɗaga murfin silin ya haska tocila, sai ya ga ɓera ya gutsure robar wayar wajen tsawon yatsa, kusa da wurin kuma ga wani tsohon haɗi da ya yi baƙi. Mai gyaran da ya kira ya ce sai an zare wayar gaba ɗaya. Shi kuma yana tambaya: "Ba zan iya kashe makunni in naɗe wurin da baƙin tef ba? Ko dai mutumin nan kuɗina yake son ci?"

Ƙanena, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka je akwatin bireka ka sauke birekar fitilun ɗakin, ka bar ta a sauke. In ba ka san wacce ce ba, sauke babbar. Kwana biyu da tocila ko fitilar caji ba zai rage ka da komai ba. Ƙaurin da kake ji da daddare shi ya fi tayar mini da hankali a duk bayaninka, fiye da ɓeran ma, domin roba ba ta ƙauri sai ta ɗau zafin da ya fi ƙarfinta, kuma abin da ke kewaye da ita a can sama busasshen katako ne da ƙura da tsummokaran da ɓera ya tara.

Mai gyaran naka kuwa bai cuce ka ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da zan faɗa da ni ka kira, kuma bari in nuna maka dalili.

Abu biyu ka gani, gutsuren ɓera da haɗin da ya yi baƙi. Ido ya fi zuwa kan na ɓera saboda jan ƙarfe a fili yake, amma wanda ke sa fitilarka ɗaukewa da dawowa kusan kullum shi ne haɗin. A gidajenmu na zango yawanci murɗa wayoyi biyu ake yi da filaya a naɗe da tef, an gama. Ranar farko haɗin yana da ƙarfi. Amma da rana kwano yana gasa cikin silin, da dare ya huce, ƙarfe ya buɗe ya tsuke, yau da gobe har murɗin ya saki. Da damina laima ta shiga, jan ƙarfen ya yi tsatsa kore ko baƙi. Daga nan wuta ba ta wucewa salin-alin, sai ta matsa ta 'yar ƙaramar kafar da ta rage, wurin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara cinye ƙarfen, ƙarfen da ya cinyu ya ƙara zafi. Robar PVC da ke jikin wayar gida an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. In ta daɗe a sama da haka sai ta bushe, ta tsage, a ƙarshe ta zama gawayi, gawayi kuwa wutar lantarki tana bi ta cikinsa. Ka ga abin da aka sa don ya tsare wuta ya koma hanyarta.

Mutane da yawa suna cewa ai da akwai matsala da bireka ta faɗi. A'a. Bireka tana faɗuwa ne in wutar da ke bi ta cikinta ta wuce adadin da aka rubuta a jikinta, ko in waya ta haɗu da waya kai tsaye. Haɗin da ya saki ba ya jan wuta fiye da kima, zafi kawai yake tarawa a wuri guda. Bireka mai amfiya 6 za ta zauna lafiya lau tana kallo har katakon silin ya kama. Shi ya sa hancinka ya riga birekarka sanin abin da ke faruwa.

To me tef zai yi a nan? Zai rufe wa idonka wurin ne kawai. Haɗin yana nan a sake a ƙarƙashinsa, zafin yana nan. Kuma gam ɗin tef ba ya jure zafin ƙarƙashin kwano. Na sha hawa silin in tarar da tef ya warware da kansa yana lilo kamar busasshen ganyen ayaba, jan ƙarfe tsirara a kan katako. A wani gida a Sawaba ma ba tef na tarar ba, baƙar leda ce aka yayyanka aka naɗe haɗi bakwai da ita, ta narke ta manne da wayar har sai da na sa wuƙa na kankare. Mai ɗakin yana ƙasa da 'ya'yansa huɗu suna kwana a ƙarƙashin wannan shekara da shekaru. Ban iya cin abinci da daɗi ba ran nan.

Sannan wurin da ka gani shi ne wanda tocilarka ta kai. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ya yi ta gurgurar abu mai tauri don ya rage su, ba yunwa ce ke sa shi cin roba ba. Wanda ya ci nan ya ci can gaba, a lungun da waya ta bi bayan katako ko ta gangara cikin bango zuwa makunni. Ba wanda zai iya rantse maka cewa sauran wayar lafiya take sai ya zaro ta ya bi ta da yatsa, ko ya auna ta da na'ura.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci, wato cewa da ka yi za ka kashe makunni ka hau. Kada ka kuskura, don Allah. Makunnin bango ba ya kashe wutar da ke cikin silin. Yadda aka saba haɗa fitilu, wayar layif, wato mai kawo wuta, tana zuwa gindin fitila ko akwatin haɗi tukuna, daga nan ta gangara makunni ta dawo, wani reshe kuma ya wuce ɗaki na gaba. Ko makunni yana kashe, wannan reshen da wutarsa. Ga kuma kuskuren da ya yi yawa a tsofaffin gidaje, inda aka sa makunni a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon layif. Fitila za ta mutu, ka ɗauka an gama, alhali volt 230 na zaune a cikin mariƙin ƙwan tana jiran yatsa. Mutum mai gumi a cikin silin, gwiwarsa a kan katako mai laima ko bayansa na gogar kwano, wutar da za ta ratsa shi ta ninka abin da ke tsayar da zuciya sau da yawa. Kuma ko girgiza kawai ta yi maka, ina za ka faɗa? Silin na filawud ko POP ba ya ɗaukar nauyin mutum. Ƙafa ɗaya ta kauce daga kan katako, sai dai a tsince ka a tsakar falo.

Launin waya ma kada ka dogara da shi. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, ja shi ne layif, baƙi nutural, kuma har gobe su suka fi yawa a gidajenmu. A sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, wayar ƙasa kuma, wato ta kariya mai kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa, kore da rawaya. Amma wayar da ke dawowa daga makunni sau da yawa baƙa ce ko shuɗiya alhali wuta take ɗauke da ita, kuma wanda ya yi aikin farko wataƙila abin da ya rage masa a buhu ya yi amfani da shi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da irin gidan da kake ciki, wanda littattafan koyon aiki ba su cika kawo shi ba. A gidajen haya na zango, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki yakan tsaya ne daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda tun daga ɗakin farko har na ƙarshe. Da can mita ɗaya ce a gidan. Da rigimar kuɗin wuta ta yi yawa, kowa ya nemi mitarsa ta kati, aka yi ta jan sababbin wayoyi ta cikin silin ɗin nan ba a cire tsofaffin ba. Yanzu wayar da ta ratsa saman falonka tana iya zama ta mitar maƙwabcinka ce. Ni da kaina abin ya taɓa rutsawa da ni a wani gida a Asawase. Na sauke babbar birekar mai ɗakin, na ga duk fitilunsa sun mutu, na hau. Allah ya taimake ni na sa abin awo kafin in kai hannu, sai ga wuta cikakkiya a wayar da nake shirin yankewa. Ashe ta ɗakin wata tsohuwa ce a can ƙarshen gida. Wani lokacin kuma nutural ɗin ne aka aro daga layin wani, da ka raba haɗin sai bakin wayar ya ɗau wuta saboda fankar maƙwabci tana juyawa. In kuma akwai mai janareta ko inbata a gidan da ba a haɗa ta ta makunnin canjin layi mai kyau ba, wuta tana iya biyowa ta baya.

Haka nan kada ka ce bari in yi sauri tunda kamfanin lantarki na ECG sun ɗauke wuta. A shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, mun ga yadda mutane suka saba da wannan. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo.

Shi ya sa ƙa'idar aikinmu take haka: a sauke bireka, a manna takarda a kanta ko a tsayar da mutum a wurin don kada wani ya ɗaga, sannan a auna kowace waya da za a taɓa, tsakanin layif da nutural, layif da ƙasa, nutural da ƙasa. Abin awon ma sai an gwada shi a soket mai wuta kafin a fara, a sake gwada shi bayan an gama, don a tabbata ba shi ne ya mutu ba. Sukundireban testa mai ɗan ƙwai a ciki, wanda kowa ke ratayawa a aljihu, ban yarda a dora rai a kansa ba. Da jikinka yake aiki, in kana tsaye a kan busasshen katako yana iya ƙin kamawa ko ya kama dishi-dishi alhali akwai wuta.

Ga yadda gyaran kirki yake, don ka tsaya a kan mai aikin ka san abin da kake kallo. Zai bi wayar da ta lalace daga akwatin haɗin da ta fito zuwa inda ta ƙare, ya cire wannan tsawon gaba ɗaya ya sa sabuwa. Ba lallai ne a sauya wayar gidan duka ba, in mai gyara ya ce haka sai ya nuna maka dalili. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ya lanƙwasa tsohuwar wayar a gabanka. In robar ta lanƙwasu da taushi, jan ƙarfen ciki kuma yana sheƙi, da sauran ranta. In ta tsage kamar busasshiyar fata, ko ƙarfen ya yi baƙi har can ciki, to duk layin ya tsufa. In wayoyin a cikin bututun roba suke, aikin ya zo da sauƙi, ana ɗaura sabuwar a wutsiyar tsohuwar a ja ta ɗaya bakin. In kuwa a shimfiɗe suke tsirara a kan katako, kamar yadda nake zaton naka suke, to wannan ce damar sa bututu. Hausawa suka ce ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da aka bari a fili a kan hanyarsa gayyata ce. Bututu mai faɗin milimita 20 ya isa layin fitila, a kafe shi a gefen katako, nesa da kwano da bakin ƙusoshi.

Duk haɗi a cikin akwati mai murfi zai kasance, da kanekta mai sukuru ko mai maƙalewa, a wurin da hannu zai iya kaiwa gobe. A fere roba daidai yadda ƙarfen zai shige cikin kanekta ba tare da wani ya leƙo waje ba, a ɗaure, sannan a ɗan ja kowace waya a ji ko za ta zame. Wannan ɗan jan na daƙiƙa biyu shi ke bambanta mai aiki da mai sauri. Makunni a kan layif. Fitila mai jikin ƙarfe da fankar sama a kai musu wayar ƙasa. Mariƙin ƙwan in ya yi rawaya ko ya tsage, a jefar da shi, ba shi da tsada.

Kaurin waya ma a duba. Layin fitila milimita 1.5 ake sa masa, da bireka mai amfiya 6, wasu su sa 10. Amfiya 6 a kan volt 230 wat 1,380 ke nan, ya ishi ƙwayayen LED na gida guda har da fankoki. Inda ake samun matsala shi ne wani ya jawo soket daga layin fitila don ya fi kusa, a jona dutsen guga ko butar dafa ruwa mai wat 2,000. Bireka ta yi ta faɗuwa, sai a cire ta a sa mai amfiya 20 ko 32 don a huta. Daga ranar nan wayar ce ta zama fis, ita ce za ta ƙone in wuta ta yi yawa. Ka duba lambar da ke jikin birekar fitilunka, in ta wuce 10 ka nuna wa mai gyaran. Siririyar farar waya mai laushi, irin ta fitilar tebur ko ta lasifika, ba ta da gurbi a cikin silin ko kaɗan.

Sai batun sayen wayar. Ka bi mai gyaran zuwa shago, a Adum ko duk inda ya saba saye, ka ga abin da za a saya da idonka. Akwai wayoyi a kasuwa da aka rubuta musu 1.5 alhali ƙarfen bai kai ba, akwai kuma waɗanda alminiyam ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma yana saurin saki a ƙarƙashin sukuru. Kankare bakin wayar da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye ta. Kara mata maganaɗisu, jan ƙarfe na gaskiya ba ya kama shi, amma alminiyam ma ba ya kamawa, don haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba. Ɗaga naɗi biyu masu tsawo da kauri ɗaya ka ji nauyinsu, na jabu ya fi sauƙi a hannu. Muna da masana'antun waya a Tema da suka daɗe suna aiki, ka nemi mai sunan kamfani da kauri a rubuce a jikin robar, da shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana. Bambancin kuɗin a tsawon da kake buƙata 'yan sidi ne.

In an gama, kada a ɗaga bireka a ce "ga shi ta kama" a tafi. Kamawar fitila ba shaida ba ce, ai da ma tana kamawa. Mai aiki na gaske zai cire ƙwayaye ya sa na'urar da muke kira mega, wadda ke tura volt 500 ta auna ko robar layin na yoyon wuta. Abin da ya gaza megohm 1 bai ci jarrabawa ba, sabon layi mai lafiya kuwa yakan nuna sama da haka nesa ba kusa ba. Wannan awon ne zai tona sauran gutsuren da ido bai gani ba. In babu birekar yoyo mai miliamfiya 30 a akwatinka, wadda muke ce wa RCD, ka roƙi a sa. Ita ce ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum ko ta katako mai laima, aikin da bireka ta yau da kullum ba ta yi. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta, ka riƙa danna shi lokaci-lokaci.

Game da wanda zai yi aikin: tun da aka kafa dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011, L.I. 2008, wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne kaɗai doka ta yarda ya yi wa gini waya a ƙasar nan. Masu shaidar suna da katinsu. Tambayar kati ba raini ba ne, wanda ya zauna jarrabawa ya ci da farin ciki zai zaro maka shi.

Kai ma da naka aikin, wanda ba ya buƙatar taɓa waya. Ka ce matsalar da ruwan Yuni ta fara, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Da rana tsaka ka leƙa ta murfin silin ba tare da tocila ba, duk inda ka ga ɗigon haske a kwano, nan ruwa ke shiga. Duba ko akwai tabon ruwa a kan filawud kusa da haɗin da ya yi baƙi. In ba a toshe wannan ba kafin ruwan Satumba da Oktoba, sabon aikin ma zai sha laima. Kafofin da ke tsakanin bango da kwano a toshe su da ragar ƙarfe da siminti, reshen bishiyar da ya taɓa rufi a sare shi, buhun masara ko shinkafa a ɗaga shi daga jikin bango a rufe. Gara tarko da guba a cikin silin, don ɓeran da ya ci guba can zai mutu ya dame ku da wari.

Kuma ka je ka sami mai gidan yau, cikin ladabi, ka ce Baba ga abin da na gani, zo ka gani da idonka ko ka turo wani. Wayar cikin gini tasa ce, bai kamata ka ɗauki nauyin kai kaɗai ba, bai kuma kamata a taɓa ta bai sani ba. Ka gaya wa sauran 'yan haya su ma. Tunda saman ɗakunanku a haɗe yake, wutar da ta tashi a kan falonka ba za ta tsaya a bangonka ba, ta sama za ta bi ta sauka a ɗakin kowa. In kuka haɗa kuɗi mai gyara ya bi silin ɗin daga farko zuwa ƙarshe rana guda, ya cire matattun wayoyi, ya rubuta wa kowane layi lambar ɗakinsa, zai fi muku araha a kan kowa ya kira nasa daban.

In kuma, Allah ya kiyaye, ka ga hayaƙi na fitowa ta gefen fitila kafin a yi gyaran, kada ka watsa ruwa, kada kuma ka ɗaga murfin silin don ka leƙa, iska za ka ba ta. Sauke babbar bireka in hanyar zuwa wurinta a buɗe take, ka tada mutanen gida kowa ya fita, yara da tsofaffi a gaba, a buga wa 'yan kwana-kwana a 192 ko 112. Lungunan Aboabo ba kowanne mota ke shiga ba, don haka a tura yaro mai wayo bakin titi ya tsaya ya nuna musu hanya.